Mayen Ƙarfen da Umma Ta Ɗaura Mini a Ƙirji

'Yan uwana, yau kam sai kun yi haƙuri da ni. A kan wayar nan, in na nufi wannan harafi sai wancan ya fito. Masu tambayata me ya sa na yi shiru kwana biyu, to ga shi zan faɗa muku, amma don Allah kar wadda ta rubuto mini "ai da kin sani". Na sani. Tsoro ne ya sa, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, ni tela ce. Shagona ɗan ƙarami ne a jikin gidanmu, keken ɗinki ɗaya na lantarki, teburin yanka, da dogon madubi mai tsaga a gefe. A gaban madubin nan na gano abin. Na ɗinka wa kaina riga ruwan toka, na sa, sai na ga ƙirjin hagu ya ɗan tashi, ya ƙi kwanciya. Ni da nake cika baki ban taɓa ɓata ƙirjin riga ba! Na farke, na sake ɗinkawa, ya ƙi. Da na sa hannu zan daidaita zaman rigar sai na ji shi, wani ƙullutu mai tauri kamar maɓallin kwat a ƙarƙashin fata. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce kansar nono ce.

Ranar da Likita ta faɗa, Umma ce ta raka ni. Likitar wata siririyar mata ce mai tabarau a saman goshi, ba ta iya kwana-kwana a magana ba. Ta ce akwai maganin da aka saba, akwai kuma wani da ake kan gwadawa, in na yarda zan iya shiga cikin masu gwajin.

"Wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, mu muna ce musu nano," in ji ta. "Cikinsu ɗan ƙarfe ne, an lulluɓe shi da magani. Za mu sa miki su ta ƙarin ruwa, sai mu ɗora mayen ƙarfe daidai kan ƙullutun yayin da suke yawo a jini. Fatanmu su taru a wurin ciwon, sauran jiki ya samu sauƙi."

Umma ta gyara zaman mayafinta. "Likita, mayen ƙarfe irin wanda take tsince fil da shi a shago?"

"Danginsa ne, Hajiya, amma namu ya fi ƙarfi."

"To gashinta fa? Zai zube?"

"Wataƙila ba sosai ba. Ba zan yi alkawari ba, gwaji ne. In hoto ya nuna ƙullutun ya ragu, shi kaɗai za mu cire. In bai ragu ba, sai an cire nonon gaba ɗaya."

Wallahi daga nan ban ƙara jin komai ba. Ido kawai na zuba wa fankar da ke juyawa a sama.

To ga inda gizo yake saƙar: Bakanike. Haka na ajiye sunansa a waya tun ranar da ya fara zuwa gyara mini keke, har yau ban canza ba. Shi kuma Tela yake ce mini. Dogon mutum ne mai shiru, kullum da baƙin mai a gefen farce, kullum da jakar kayan aiki a kafaɗa. Kekena ya yi ta lalacewa a shekarar nan fiye da kima, ku dai kar ku tambaye ni wa yake kwance masa ƙusa. Har dai ya ba ni zobe, aka kuma tsayar cewa manyansa za su zo su ga Baba a ƙarshen wata.

Mahaifiyarsa irin ciwon nan ne ya kashe ta. Ta ɓoye shi a ƙarƙashin zane har sai da ya fashe. Yayarsa mace, wadda shi da ni duk muke ce wa Yaya, ita ta yi jinyar, ita kuma ta ƙarasa renonsa. Wata rana yana zaune a shagona yana sa wa keke mai, ya ce, "Tela, ni ba ciwon ne ya fi ci mini rai ba. Ɓoyewar ce. Muna cin abinci tare da ita, muna dariya, ashe ita kaɗai take mutuwa. Ko a mafarki ba na son a sake yi mini haka."

Na riƙe maganar nan. Shi ya sa muna fitowa daga asibiti na ce wa Umma yau zan gaya masa. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Ki gaya wa wa? Ke kina da hankali kuwa?"

"Umma, ya ce..."

"Ya ce! Namiji ne fa. Yaron da ya binne uwarsa da ciwon nan, ki kai masa wani? Ko shi ya tsaya, yayarsa za ta bari? Ki rufa mana asiri. Magani ne da ba ya zubar da gashi, wa zai sani? A cire ɗan abin, tabo kamar tsinin allura, in an daɗe kya faɗa masa."

Na bi maganarta. Ba don na yarda da ita ba, sai don abin da ta faɗa shi ne abin da nake tsoro. In na faɗa, zai iya tafiya saboda ciwon. In na ɓoye, zai tafi saboda ɓoyewar. Sai na zaɓi wanda zai jinkirta tafiyar.

Aka fara magani. Ina kwance a kan gado mai leda, ruwa mai launin shayi yana ɗiga cikin jijiyata, wani faifai mai sanyi da ke jikin dogon hannun ƙarfe yana zaune a kan nonona na hagu. In na dawo gida jiri ya ɗebe ni, bakina ya yi ɗaci, amma gashina bai zube ba. Maimakon Umma ta yi murna sai hankalinta ya tashi. Kullum da safe sai ta zo da matajin kai ta taje ni, ta ɗaga shi a haske tana dubawa.

"Anya maganin nan yana aiki kuwa? Matar maƙwabcinmu da aka yi wa nata, ko gira ba ta rage ba. Ke kuwa kamar ruwan shayi ake ɗura miki."

"Umma, ai an ce wurin ciwon kawai yake zuwa."

"Na ɗan lokacin da kike kwance a can. In kin dawo gida fa, wa yake riƙe su a wurin? Sai su watse su bi jiki. Su likitocin nan mutane sun yi musu yawa, ba za su bar ki ki wuni a kan injinsu ba. Mu ya kamata mu ƙarasa."

Na ɗauka magana ce kawai. Ina banɗaki ta ɗauki wayata, ta buɗe lambar Bakanike, ta danna wurin saƙon murya. Da na fito sai na ji muryarta tana fita daga wayar: "Ɗana, Umma ce. Don Allah in kana da babban mayen ƙarfe mai ƙarfi ka kawo wa 'yar uwarka, fil duk ya cika mana tsakar gida, jiya har na taka."

Kafin in ce wani abu amsa ta shigo.

Bakanike: Umma, an gama. Akwai na cikin wani tsohon injin, har guduma yana ɗagawa.

Bakanike: Tela, ashe ke ce mai zubar da fil a sa uwata ta taka? Za ki biya tara.

Na rubuta masa dariya, hawaye yana ɗiga a kan gilashin wayar.

Da yamma ya aiko da shi. Baƙi ne, zagayayye, faɗinsa kamar murfin kofi, ga nauyi. Umma ta sa ni na ɗinka masa 'yar jaka da ragowar yadi, na kafa ta a cikin rigar nono ta hagu. Ni da hannuna na ɗinka, har da kalmasa. Kar ku ce Umma kaɗai ce. Ni ma a raina na ce, in akwai ko ƙwaya ɗaya da ta ɓace hanya a jikina, bari in kira ta ta dawo. Mutumin da aka ce za a yanke masa nono, ko dutse aka ce ya ɗaura zai ɗaura.

Haka na dinga yawo da shi a ƙarƙashin babbar riga mai faɗi da gyale ninki biyu. In na sunkuya a kicin cokali ya taso ya manne mini. In na zo wucewa ƙofar ƙarfe sai in ji an fizge ni. Fatar wurin ta yi ja, daga baya ta yi shuɗi-shuɗi, tana zugi. Na nuna wa Umma, ta ce, "Alhamdulillahi, kin gani? Sun taru." Ni kuwa zuciyata cewa take ciwon ne ya fusata, ya fara fitowa waje kamar na mahaifiyarsa. Na kasa cirewa, na kasa gaya wa Likita. Abinci ma ya daina wucewa.

Sai ga keke ya lalace da gaske. Zare yana tsinkewa, kwarkwaro yana ƙara, ga ɗinkin mutane jibge. Da hantsi ya zo, sanye da shuɗiyar rigar aikinsa, yana ƙamshin sabulu da man inji.

"Tela, kin rame," ya ce tun daga ƙofa.

"Aiki ne."

"Aiki ko kewata?"

Na yi murmushin dole, na koma can jikin madubi na harɗe hannu a ƙirji. Shi yana da wata ɗabi'a in yana aiki. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, duk ƙusar da ya kwance ya jera ta a layi bi da bi, don in zai mayar ya san wadda ke bin wata. Ba ya son ko iska ta taɓa su. Ya kwance farantin ƙasa, ya jera ƙusoshin, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ya leƙa ciki.

"Zo ki ga abin da kika yi. Zo mana, ki ga yadda zare ya naɗe a nan."

"Ina gani daga nan."

"Daga can? Yau kuma tsorona ake ji? Matso ki haska mini da wayarki."

Na manta. Wallahi na manta, 'yan uwa. Muryarsa ce ta sa na manta. Na kunna fitilar waya, na matso, na sunkuya a kan teburin.

Ƙas! Ƙas-ƙas-ƙas!

Ƙusoshin nan gaba ɗaya suka tashi daga kan ƙyallen suka manne a ƙirjina na hagu. Allurai biyu suka biyo, har da ɗan ƙaramin sukundirebansa, ya zo ya tsaya a karkace yana lilo a kan gyalena. Farin ƙyallen ya koma fayau.

Da farko dariya ta kusa kuɓuce masa. Sai ya kalli fuskata, dariyar ta mutu. Ya kalli inda ƙusoshin suka yi da'ira, ya sake kallona, ya kawar da kai gefe don kunya.

"Wannan mayen ƙarfena ne," ya ce a hankali. "Wanda Umma ta ce na fil ne."

Na sa hannu na rufe ƙirjina.

"Me yake yi a nan, Tela?"

Na ji tafiyar Umma a bayan labule, ta tsaya. Na san tana roƙona da zuciyarta in yi ƙarya. Na ma nemo ƙaryar, na ce zan ce a aljihu na sa shi, amma rigar ba ta da aljihu, kuma shi ya sani, don a gabansa na yanka ta.

"Kansa ce," na ce. "A nan. Ana yi mini magani, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfe, mayen ƙarfe ne yake jan su zuwa wurin. Muka ce ko in na ɗaura a gida zai ƙara..."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka ba ni zobe aka fara gwaje-gwaje. Bayan zoben aka tabbatar."

Ya zauna a kan kujerar kwastoma. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya ce, "Da hannuna na kawo miki abin da za ki ɓoye mini da shi. Har ina yi miki wasa."

"Tsoro nake ji kar ka tafi."

"Ita ma mahaifiyata haka ta ce."

Ya miƙe, ya rataya jakarsa. Na dinga ɓamɓaro ƙusoshin daga gyalena ina zuba masa a kan ƙyallen, suna zubewa a hargitse, ina cewa tsaya, ga su, tsaya ka haɗa. Bai waiwayo ba. Ya bar kekena a buɗe, ya fita.

Umma ta shigo tana salati, ta ce ni na janyo, me ya kai ni sunkuyawa. Na shige ɗaki, na cire rigar nonon, na yanke jakar da almakashi, na kira lambar da aka ba mu a asibiti. Da Likita ta ji sai ta ce, "Ke! Cire shi yanzu."

"Na cire. Likita, na ɓata maganin ko? Wurin ya yi shuɗi."

"Abin da na fi zato, nauyinsa ne ya murje miki fata. Namu ana auna ƙarfinsa, ana kuma sa shi ne lokacin da ƙwayoyin suke cikin jini. Naki ba abin da zai ƙara. Amma sai na gani da idona, kuma dole in sanar da masu kula da gwajin. Ki zo a yi hoton da wuri. Ki ce wa Hajiya na ce ta bar mana aikinmu."

"Ƙullutun ya ragu?"

"Hoto ne zai faɗa, ba ni ba."

Tsakanin ranar da ranar hoto na tura masa saƙo ya fi a ƙirga. Ka yi haƙuri. Ka yi mini magana ko zagi ne. Za a yi mini hoto ranar Alhamis da safe. Duk ya karanta, alamar ta yi shuɗi, ba amsa. Sai in ga yana kan layi, in ƙura wa sunansa ido har ya sauka. Yaya kuwa ta kira Baba ta ce a ɗan dakata da zuwan manya, akwai maganar da za a yi. Baba ya ajiye wayar, ya kalli Umma, Umma ta kalli ƙasa.

Ina shara a shago na ga wata 'yar ƙusa ɗaya maƙale a zaren gyalena. Ita ce mai riƙe farantin allura. Na ƙulle ta a gefen hankici, ban san dalili ba.

Ranar Alhamis na sa rigar nan ruwan toka, wadda ta fara tona ciwon. A asibiti aka ba ni koriyar riga mai igiya a baya, na zauna a kan benci kusa da Umma. Ta bayan ƙofa ana jin injin hoton yana bugawa kamar ana daka. Abin da zai gani shi zai yanke ko zan fita daga shekarar nan da nonona ko babu. Umma tana jan carbi, ta kasa kallona.

Waya ta yi ƙara a cinyata.

Bakanike: Na je shago, Baba ya buɗe mini. Na haɗa keken, saura ƙusa ɗaya.

Na rubuta, tana wurina. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa.

Bakanike: Ɗago kanki.

Yana tsaye a ƙarshen barandar, da jakarsa a kafaɗa, fuskarsa ta faɗa kamar shi ne mara lafiyar. A bayansa Yaya ce, cikin baƙin mayafi, ta rungume jakarta a ƙirji, ba alamar fara'a. Suka taho. Ta gaida Umma a taƙaice, ni kuwa ta dube ni tun daga kai har ƙafa, idonta ya tsaya a hagu. Sai na tuna ita ce ta wanke wa mahaifiyarsu ciwon da hannunta.

Daidai nan nas ta leƙo da takarda a hannu. "Mai ɗinki, ke ce. Injin nan babban mayen ƙarfe ne, ko fil ba ya shiga. 'Yan kunne, waya, zobe, duk ki cire ki ba wanda ya rako ki."

Na cire 'yan kunne na ba Umma, na ba ta waya. Na murza zoben, ya fita da sauƙi don na rame. Na kwance hankicin, na haɗa zoben da 'yar ƙusar a tafin hannuna. Umma ta miƙo hannu.

Shi ma ya miƙo nasa.

"Kar ka karɓa," in ji Yaya, muryarta tana karyewa. "Mun yi da kai sai mun ji abin da hoto ya ce. Ba zan iya sake ganinka a bakin gado ba."

"Yaya, ki yi haƙuri," ya ce, bai juya ba. Ni yake kallo. "Ban huce ba, Tela. Kar ki ɗauka na huce."

"Na sani."

"Mai ɗinki, ana jira," nas ta sake cewa.

Na kalli hannun Umma, na kalli nasa mai baƙin mai a gefen farce. Bai sauke shi ba. Na zuba masa zoben da ƙusar, ya dunƙule. Na ji Yaya ta fashe da kuka, nas ta ja ni ciki ta rufe ƙofa. Sakamakon hoton bai fito ba tukuna, 'yan uwana, ku sa ni a addu'a.